Mai Allo a Kwanar Mulsanne

A garinmu Moncé in ka ambaci Léonce Poupard, sai a ce maka, "Af, wanda ya kashe wa ƙaninsa tsere sau biyu?" To ni ne. Ban taɓa musawa ba, don musu da 'yan zaman gidan kofi ɓarnar yawu ce, kuma waɗanda suka ji abin da aka faɗa a ranar duk sun riga ni kwanciya. Shekarata tamanin da bakwai. Ni kaɗai nake zaune a gidan da ke bayan garejinmu, garejin ma yanzu tayil ake sayarwa a ciki. In watan Yuni ya kama, iska ta juyo daga wajen Le Mans, inda ake tseren motoci na awa ashirin da huɗu, ina jiyo motocin daga kan gadona, sai in tashi in ja taga.

Garejin na babanmu ne. Da ya rasu ya bar mana shi mu biyu, ni da Hilaire, wanda na girme wa shekara bakwai. Allah ya raba mana aiki tun muna ƙanana: ni hannu, shi ƙafa. Ni in na ji ƙarar inji daga bakin titi zan gaya maka fulogin da ba ya ci. Shi kuwa ko keken burodi ka ba shi sai ya nemi inda gudunsa ya ƙare.

Gasar duniya ta tseren dogon zango a idona aka haife ta. Na ga lokacin da direbobi ke tsallaka titi da gudu su faɗa mota, na ga ranar da aka hana. Na ga an sake wa gasar suna har na daina ƙirgawa. Bana a ce inji kada ya wuce lita uku, baɗi a ce biyar ma ya halatta, shekara mai zuwa a ce an fasa. Manyan kamfanoni su zo da tireloli da injiniyoyi masu farar riga, su kwashe kofuna, ranar da doka ta daina yi musu daɗi su naɗe kayansu su tafi ko sallama babu. Mu ƙananan mu ne cikon benci, kuma mu ne ba ma zuwa ko'ina.

Mu ba kofi muke nema ba, mun san matsayinmu. Mota hamsin da biyar ke tashi ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma. In ashirin suka ga ƙarfe huɗun Lahadi, to shekarar ta yi kyau. Abin da muke so ke nan, ni da Hilaire: motar da muka ƙera a bayan gareji ta kwana tana gudu, ta wuni tana gudu, ta tsallake layi da ƙafarta, a rubuta Poupard a cikin waɗanda suka gama. Sau ɗaya tak. Shuɗiya ce, ba rufi, injin lita biyu da muka saya na hannu. Solange matar Hilaire ce ta raɗa mata Akuya, saboda taurin kai, sunan kuwa ya bi ta.

Shekara ta uku da fara shigarmu, da safiyar Lahadi, Akuya tana lafiya ƙalau. Ta shigo rumfar gyara a canza mata tayoyi. Kwanana uku ban runtsa ba. Na ɗaura notin tayar baya ta hagu da hannu, kafin in buga masa guduma wani ya kira ni in dubi birki, na juya. Shi ke nan. Gratien, abokin Hilaire tun makaranta, shi ne a kan sitiyari. Tayar ta rabu da shi a inda ake gudun da ya fi kilomita ɗari biyu a awa. Bai mutu ba, amma ƙafarsa ta hagu ba ta sake taka kuloci ba, ya ƙare rayuwarsa yana sayar da taba da jarida.

Gratien ya yafe mini tun yana gadon asibiti. Hilaire ne bai yafe ba. A kicin ya faɗa, a gaban mahaifiyarmu, ko murya bai ɗaga ba.

"Daga yau ba kai ba motar nan."

Mama ta ce, "Hilaire, yayanka ne fa. Rabin motar nan hannunsa ne."

"Na sani, Mama. Na ga aikin hannun."

Ita ta matsa, da kuka da fushi da ƙin cin abinci, har ya yarda a bar mini wani abu. Abin da aka bar mini shi ne allo.

Tun bala'in 1955, da mota ta faɗa cikin 'yan kallo gaban rumfunan gyara ta kashe mutum fiye da tamanin, aka hana ɗaga wa direba allo a can. Aka mai da aikin kwanar Mulsanne, ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanyar nan, inda dole kowa ya taka birki ya koma kamar mai zuwa kasuwa. Nan aka jera mana ɗakunan siminti kamar akurki, kowane da benci da wayar tarho mai marfin murɗawa. Tsakaninka da mutanenka kilomita bakwai. Solange tana can rumfar gyara da agogo biyu a wuya, in mota ta wuce ta murɗo waya ta gaya mini lokaci da matsayi, ni in jera lambobi a allo in miƙa shi waje. Direba yana da daƙiƙa biyu ya karanta. In ya gani sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Kowane direba haka yake yi wa mai allonsa, ban taɓa ruɗin kaina cewa yatsan nan nawa ba ne.

Ƙungiyoyin kirki mutum uku suke turawa, suna karɓa-karɓa. Mu ba mu da mutane, don haka ni kaɗai ne, daga huɗu zuwa huɗu, da burodi da tukunyar dakakken naman nan da muke kira rillettes da kofi a gora. Ko da yake ban cika kai huɗun Lahadi ba. Akuya takan sallame ni da wuri.

Shekara tara muka yi haka. A gareji kuwa tsakanin bencina da nasa taku goma ne. In yana son wani abu sai ya ce wa Solange, "A gaya wa Léonce motar likita tana jira," ina tsaye ina jinsa. Ɗakin bayan da Akuya take kwana ya sa masa kwaɗo, ya ɗauko wani bakanike daga Le Mans mai suna Norbert, mutumin kirki, amma kunnensa na katako ne. Mama ta rasu a shekara ta huɗu, muka tsaya a bakin kabarinta kafaɗa da kafaɗa, kowa ya koma gida ta hanyarsa. Ni ban yi aure ba. Na so wata sau ɗaya, ta ce ina warin man giya ko ranar Lahadi, kuma gaskiyarta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina jin ciwon motar kafin su ji. Duk zagaye tana zuwa gabana tana sauke giya, biyar, huɗu, uku, biyu, kamar mara lafiya yana gaya wa likita inda ke masa zafi. Sai in murɗa waya.

"Solange, giya ta uku tana kuka. Ki ce su rage mata."

"Léonce, ka san in na ce daga gare ka ne..."

"Ki ce mafarki kika yi."

Wani lokaci ta faɗa, wani lokaci ta haɗiye. Shekara ɗaya giya, shekara ɗaya ruwan sama da shingen ƙarfe, sau biyu ko gwajin shiga ba mu ci ba. In mota ta mutu wayata takan yi shiru kawai, don kowa yana can yana jimami, ba mai tunawa da mutumin Mulsanne. Sai in ƙirga minti huɗu, biyar, goma, in ga ba ta zo ba, in fara cire lambobi daga allo. Na sha zama har wayewar gari bayan mun fita, ina kallon motocin wasu, don gidan da zan koma ma ba kowa.

Mutum ɗaya ne ke yi mini magana a wurin, Aimé Froger, shugaban masu tuta na kwanar. Sauran kwanakin shekara shi ke raba mana wasiƙu. Yakan leƙo da butar kofi.

"Sarkin allo, yaya Akuya? Bana ƙarfe nawa za a yanka?"

"Sai ta ga jana'izarka. Wasiƙar da aka aiko mini tun Ista tana ina?"

"Wa zai rubuto maka? Ko hukumar haraji sai ta yi tunani."

Sai ya zuba mini kofi ya koma bakin aikinsa. Aimé yana da wasa, amma in ya ɗaura ƙyallen shaidar masu tuta a dantse ko uwarsa ce ta taka doka sai ya rubuta.

Ana nan aka sake canza doka. Sababbin motoci masu rufi, da man da aka auna wa kowa kamar magani. Irin tamu aka ce an bar ta ta shiga sau ɗaya na bankwana, daga nan sai gidan tarihi ko bola. Kuɗin ƙera sabuwa ko a mafarki ba mu da shi, Hilaire kuma ya ba arba'in baya. Kowa ya san wannan ce ta ƙarshe, ba wanda ya faɗa.

Abin mamaki, shekarar Akuya ta ga dama. Dare ya wuce tana nan. Gari ya waye tana nan. Manya suna ta faɗuwa, wasu mai ya yanke musu a daji, mu muna ta hawa: na talatin, na ashirin da biyu, na goma sha shida. Da hantsi rana ta buɗe da zafi irin wanda ke narkar da kwalta. Abokin tuƙin Hilaire, wani likitan haƙori daga Angers, ya fito daga mota wajen sha biyu yana amai, aka kwantar da shi da ƙanƙara a ƙeya. Saura Hilaire shi kaɗai.

Ƙarfe uku Solange ta bugo. Muryarta ta dushe.

"Na goma sha huɗu. Saura awa ɗaya, Léonce."

"Kada ki ƙirga, ƙirge yana jawo ido."

"Yaya kake jin ta?"

"Lafiyarta ƙalau. Shi ne nake ji. Yana makara wajen sauke giya, hannunsa ya gaji."

Uku da minti goma na hango shuɗin nan ya fito daga cikin hucin hanya. Biyar, huɗu, uku, biyu. Ya karya kwana, na miƙa allo, ya taka totur, sai injin ya yi ɗif ya koma numfashin zaman banza. Bai mutu ba, amma ba ya amsa ƙafa. Tun kafin motar ta gama gangarawa kan ciyawa na san wayar totur ce ta zame. Ta tsaya taku arba'in gaba da akurkina.

Na yar da allo na bi bayan shinge da gudu. Aimé ya riga ni isa, yana kaɗa rawayar tuta, kuma tare da shi akwai wani jami'i daga ofishin tsere da aka turo zagaye, mai taye a wuya cikin wannan zafi, da takarda a kan katako.

Dokar kowa ya san ta, ta girmi yawancinmu. In mota ta tsaya a hanya, direba kaɗai ke taɓa ta, da kayan aikin da ke cikinta. Ba ya nisa da ita fiye da taku goma. Kai bakanike kana iya tsayawa bayan shinge ka yi ta magana har muryarka ta ƙare, amma ko noti ka miƙa masa, an cire motar.

Aimé ya ce, "Léonce, baki kawai. Hannu a aljihu."

"Na girme ka a dokar nan."

Hilaire ya fito yana tangaɗi, ya cire hular kwano. Fuskarsa ta yi baƙi da hayaƙi, in ban da zagayen ido. Ya dubi motar, ya dubi hanya ta inda Norbert zai ɓullo in ya samo babur, minti ashirin a ƙalla. Sannan ya dube ni. Shingen ƙarfe ne kawai a tsakaninmu, iya ƙugu.

Na ce, "Wayar totur ce. Ba ta tsinke ba, zamewa ta yi daga maƙalinta. Ɗaga bodin baya."

Ya zagaya ya ɓalle ƙugiyoyi, ya ɗaga bodin da kafaɗa.

"Jakar kaya tana ƙarƙashin kujera, in dai Norbert bai mai da ita wurin ajiye burodi ba. Ɗauko sifana mai lamba takwas da filaya."

Ya ɗauko. Da ya zare safar hannu na ga tafin damansa, sandar giya ta cinye fatar, ya yi ja kamar naman da aka feɗe. Yatsun sun ƙage, ba sa miƙewa.

"Ka ga sandar da ta haɗa maƙogwaran inji huɗun? Bi ta zuwa ƙarshe, wajenka. Akwai ɗan noti."

"Ban gani ba."

Kalmar farko ke nan da ya yi mini kai tsaye cikin shekara tara, kuma ban samu sararin jin daɗinta ba.

"Ƙarƙashin tiyon mai. Ba nan ba, wannan salansa ce, za ta gasa ka. Hagu. Hagunka, Hilaire, wanda kake riƙe cokali mai yatsu da shi."

"Na gani."

"Sassauta shi zagaye biyu, kada ka cire. In ya faɗi cikin ciyawar nan sai baɗi."

Motoci suna wucewa ta bayansa, kowace ta kwashe rabin maganata, sai in sake. Ya kamo bakin wayar da filaya, ta kuɓuce. Ya sake, ta kuɓuce. Zaren bakinta ya tarwatse kamar tsintsiya, ramin kuwa ɗan mitsitsi. Na ce ya murza bakin da filaya ya tattara shi. Aikin da zan yi cikin minti biyu idona a rufe, ina tsaye ina kallon ƙanina yana yinsa da hannun da ba ya rufuwa. Hannayena suna cikin aljihu suna aikin su kaɗai, har na yaga aljihun dama.

"Ƙarfe nawa?" in ji shi.

"Ba ruwanka da agogo."

"Léonce."

"Uku da rabi ta wuce da biyu. Akwai lokaci. Tura. Yawwa, ta shiga. Ja ta har sai ta yi tauri, sannan ka sake ta kaurin farce."

"Farcen wa? Naka ko na mutane?"

Aimé ya yi dariya ta hanci. Ni ma na kusa.

"Ɗaure yanzu. A hankali, kada ka cinye zaren."

Zagaye ɗaya ya yi. A na biyu bayan hannunsa ya taɓa salansa, ya fizge, sifanar ta tashi ta bugi taya, ta zamo ta ƙarƙashin shinge, ta zo ta tsaya a bakin takalmina.

Sabo turken wawa. Shekara arba'in in sifana ta faɗi a gabana ina sunkuyawa in ɗauka in miƙa wa mai aiki, ta wajen mariƙi. Ban yi tunani ba, ban yi niyya ba. Na farga ne kawai na ga hannuna a miƙe bisa shinge, da sifana a ciki.

Aimé ya ce, "Léonce," a hankali, kamar mai magana da wanda ke tsaye a bakin rijiya. "Mai da ita ƙasa inda ka same ta, ka ja baya. Ya zura hannu ya ɗauka da kansa." Ya juya wajen mai taye. "Bai miƙa ba tukuna, ranka ya daɗe. Ɗagawa ya yi."

Mai taye ya dubi takardarsa, ya ce, "In ta koma ƙasa, ban ga komai ba."

Ka ji mutanen kirki. Ƙofa a buɗe, abin da ya rage in buɗe yatsuna kawai. Amma jikina ya ƙi. Na tsaya ƙiƙam ina kallon hannun nan, ina cewa a raina, ka sake, ka sake yi masa, kai dai ba ka da rabo da yaron nan.

Hilaire ya tako, taku uku. Aimé ya ce, "Hilaire, kada ka karɓa. Ka ji ni? Bari ya ajiye."

Ya tsaya a gabana. Bai dubi sifanar ba, ni ya duba, ya daɗe, har mota biyu suka wuce. Sannan ya ce, "Kawo, Yaya," ya sa hannu ya zare ta daga yatsuna.

Aimé ya sauke tuta ya juya mana baya. Na ji alƙalamin mai taye yana tafiya a kan takarda.

Hilaire ya koma ya ɗaure notin, ya tambaye ni ko ya isa, na gyaɗa kai. Ya sauke bodi, ya maƙala ƙugiyoyi, ya sa hula, ya shiga. Ya taɓa totur, Akuya ta amsa. Huɗu saura minti goma sha tara ya hau hanya, 'yan kallon da ke kan tudu suna ta tafi, don su daga can ba su ga komai ba.

Na koma akurkina. Waya tana ta ƙara.

"Ya tashi? Léonce, an ce ya tashi."

"Ya tashi."

"Allah na gode maka. Kai ka gaya masa yadda zai yi, ko? Na san kai ne."

"Solange, ki riƙe agogonki."

Aimé ya zo ya tsaya a ƙofa, bai shigo ba. Ya ce, "Dole in sa hannu a takardar."

"Na sani."

"Zan kai ta da ƙafa. Babur ɗina ba shi da lafiya yau."

Babur ɗinsa lafiyarsa ƙalau, ni na yi masa sabis ranar Talata. Da ƙafa kuwa takardar ba za ta kai ofis ba sai an gama tsere. Ban ce masa na gode ba, har ya mutu kuwa ban faɗa ba, kuma abin yana damuna.

Sau huɗu Hilaire ya sake wucewa ta gabana. Na ɗaga masa allo kamar yadda aka saba, matsayi da mintin da ya rage, ƙarya tsagwaronta, ni na sani shi ya sani. Ƙarfe huɗu Solange ta bugo, ta miƙa kan wayar waje don in ji. Na ji ihun mutum dubu ɗari ta cikin ɗan ramin nan kamar ruwa a kan kwano, na ji Norbert yana kuka. Ina zaune ni kaɗai a kan benci da wayar a kunne, na tabbata a ranar duk faɗin lardinmu na Sarthe ba wanda ya kai ni kaɗaici. Ƙarfe shida saura aka manna sakamako, ba sunan Poupard a ciki. Wayata ba ta sake ƙara ba.

Maƙwabtana na sauran ɗakunan suka kwashe kayansu. Aka zo aka cire wayoyin, aka buɗe hanya, manyan motocin Tours suka fara wucewa ta inda ɗazu ake tsere. Na ɗaure allo da akwatin lambobi a bayan kekena, na kwance, na sake ɗaurewa. Ban san inda zan nufa ba. Gobe Litinin, gareji ƙarfe bakwai, kuma ban ga yadda zan shiga ƙofar nan ba. Har na fara tunanin wani ɗan'uwan Mama da ke da gareji a Laval.

Wajen takwas, rana ba ta faɗi ba, motar ɗaukar kayan garejinmu ta sauka daga titi ta tsaya a kan ciyawa. Hilaire ne, shi kaɗai, hannu biyu a naɗe da bandeji, da gefen dantse yake juya sitiyari. Ya fito ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Muka yi ta kallon motocin kaya.

Ni na fara. Kuma da faɗa na fara, don ban iya wata hanya ba.

"Ka ji abin da Aimé ya ce."

"Na ji."

"Mutumin ofis ma ya ce bai gani ba. Daƙiƙa biyar za ka jira in dawo hayyacina. Shekara goma sha biyu muna neman abin nan, ka zo bakinsa ka zubar. Kai wane irin wawa ne?"

"Irin gidanmu."

"Ba wasa nake ba."

Ya juya hannayensa a kan gwiwa yana dubawa. Ya ce, "Da ka ajiye ta, na durƙusa gaban takalminka na ɗauka kamar daga sama ta faɗo. Mu gama, a rubuta sunanmu. Gobe in shigo gareji in wuce ka, in ce a gaya wa Léonce. Ka san haka za a yi, don ni ban san yadda ake dainawa ba. Tun rasuwar Mama nake neman hanya ban samu ba." Ya ɗago kai. "Na gaji, Yaya. Ba tuƙin ba."

Na so in ce wani abu. Na so in ce notin nan na Gratien kullum da shi nake kwana. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka cika ɗaure wayar. Ina ji ba ta komawa daidai."

"To gobe ka duba ta."

Ya laluba aljihu da ƙyar, ya kasa, ya ce in zaro makullin motar da kaina, shi ba zai iya sake riƙe sitiyari ba. Na jefa keke da allo a baya, na tayar. Ko shataletalen Mulsanne ba mu kai ba barci ya kwashe shi, kansa ya gangaro ya sauka a kafaɗata, da nauyi, yana warin mai da gumi. In na sa giya ta uku kafaɗar tana motsi, sai na bar ta a ta biyu.

Daga nan zuwa Moncé minti goma ne. Da na zo mararrabar gida na dubi fitilar kicin ɗin Solange a kunne, na dubi kan da ke kafaɗata, na miƙe hanyar Écommoy. Sai da allurar mai ta kwanta na juyo.